Tsoffin Labaran Faifai Mai Tashi: Mu Daina Yaɗa Abin da Ba Mu Tantance Ba

Kwanakin nan wasu daga cikinmu sun dage da tura hotuna da bidiyo a WhatsApp da Facebook, wai ga hujjar cewa jiragen halittun wata duniya sun sha sauka a Amurka tun zamanin kakanni, gwamnati ce ta rufe maganar. Mun ga dattawa masu mutunci suna turawa, yara kuma suna hadda. Shi ya sa muka ce bari mu buɗe waɗannan tsoffin rahotanni ɗaya bayan ɗaya, mu ga nauyinsu.

Sunan ma da kansa a jarida aka haife shi. Ranar 24 ga Yuni 1947 wani matuƙin jirgi, Kenneth Arnold, ya ce ya hangi abubuwa 9 suna gudu a sama kusa da Dutsen Rainier a jihar Washington. Daga baya ya bayyana cewa tafiyarsu ya kwatanta da farantin da aka wurga a kan ruwa yana tsalle. Jaridu suka mayar da kwatancen ya zama siffa, kuma cikin 'yan makonni mutane ko'ina suka fara ganin faifai a sama.

Sai Roswell a jihar New Mexico, wanda masu turawa suka fi riƙewa. A Yulin 1947 wani makiyayi, Mac Brazel, ya kai rahoton tarkacen da ya tsinta a fili: roba, takarda, 'yan sanduna da ƙyallen ƙarfe mai laushi irin na naɗe kaya. Sansanin sojin sama na garin ya sanar cewa an samu faifai, nan take manyansu suka janye suka ce balan-balan ɗin auna yanayi ne. Maganar ta kwanta har shekara 31, sai a 1978 aka tono ta, kuma daga nan ne gawarwakin halittu suka cika labarin. A 1994 rundunar sojin saman Amurka ta bayyana cewa tarkacen na wani shirin asiri ne mai suna Mogul, balan-balan da ake sauraron gwajin bam ɗin nukiliyar Tarayyar Sobiyat da su. To, sojoji sun ɓoye wani abu, wannan gaskiya ne. Abin da suka ɓoye kuwa leƙen asiri ne. Shi kuma bidiyon nan na fiɗa gawar wata halitta da ya fito a 1995, wanda har yau yake yawo a wayoyinmu, wanda ya fitar da shi, Ray Santilli, ya amsa a 2006 cewa shirya shi aka yi.

Labarin Aztec ya fi kowanne ban haushi. An ce faifai ya faɗo can a 1948 ɗauke da gawarwaki, har Frank Scully ya rubuta littafi a kai a 1950. Su wa suka ba shi labarin? Silas Newton da Leo GeBauer, mutum biyu da ke sayar da wata na'ura wai tana gano man fetur a ƙarƙashin ƙasa da fasahar halittun sama. Wani ɗan jarida, J. P. Cahn, ya tona musu asiri a 1952, kotu ta same su da laifin damfara a 1953. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa mutane sun riga sun yi asarar kuɗinsu.

Wani zai ce, to ai akwai waɗanda ba a warware ba. Haka ne. A 1964 wani ɗan sanda a Socorro, Lonnie Zamora, ya ce ya ga wani abu ya sauka ya tashi, kuma masu bincike ba su gano mene ne ba. Shirin Blue Book na sojin saman Amurka, da aka rufe a 1969, ya tara rahotanni 12,618, ya bar 701 ba bayani. Sai dai "ba a gane ba" daban, "daga wata duniya ya zo" daban. In aka yi sata a shago ba a kama ɓarawo ba, babu mai hankalin da zai ce daga duniyar Mars ɓarawon ya sauko.

Abin da ya sa muke ɗaga murya shi ne, wanda ya saba haɗiye irin wannan labari ba tauna, gobe zai haɗiye wanda ya fi shi haɗari. Mu da muke zaune nesa da gida mun san abin da jita-jita guda ɗaya kan jawo a kasuwa ko a unguwa kafin gari ya waye.

Don haka kafin ka danna tura, yi wa labari tambaya uku. Wa ya gani da idonsa? Yaushe aka fara rubuta shi, ranar da abin ya faru ko bayan shekara talatin? Wa zai ci riba in aka yarda? Labarin da ya kasa amsa waɗannan, ka bar shi ya mutu a wayarka. Allah ya sa mu gane.