Mai Lambu Ma Jarumi Ne

Idan aka ce jarumi, abin da ya kan faɗo wa mutane a rai shi ne irin su Ganɗoki na littafin Malam Bello Kagara, wato namiji mai doki da takobi wanda maza ke watsewa in sun ji amonsa. To, amma akwai wani irin jarumi a labaran almara wanda ya fi kamata 'yan Arewa mazauna Kudu su dube shi, su kuma nuna wa 'ya'yansu.

Wani shaihin malami na Jami'ar Oxford a Ingila, J.R.R. Tolkien, ya fid da littafi mai suna The Lord of the Rings a 1954 da 1955, aka kuma mai da shi sinima kashi uku daga 2001 zuwa 2003. Labarin wani zoben tsafi ne mai ba da iko, amma ya kan ci zuciyar wanda ya riƙe shi. Maganinsa ɗaya ne, a kai shi dutsen wutar da aka ƙera shi, a jefa. Manyan masu hikima suka ƙi karɓarsa don sun san zai ɓata su, wani barde mai suna Boromir kuwa kwaɗayi ya ɗebe shi har ya nemi ya ƙwace. Sai kaya ya faɗa kan wasu gajerun mutanen karkara da a ke kira Hobbit, waɗanda galibi ba su kai ƙafa huɗu ba, wato Frodo da mai lambunsa Sam.

Shi Sam ba ɗan sarauta ba ne, ba shi da wani asiri. Aikinsa a tafiyar shi ne ɗaukar tukwane, da girki, da gadin maigidansa in ya yi barci. Da guzuri ya yi ƙaranci, shi ya riƙa rage cinsa. Da zoben ya shiga hannunsa sa'ad da ya zaci Frodo ya mutu, ya ji daɗin ikon na fizgarsa, amma da ya iske maigidansa da rai sai ya mayar masa da amanarsa. A gindin dutsen kuwa, da ƙafafun Frodo suka gaza, Sam ya goya shi ya hau da shi. Tolkien, wanda ya halarci yaƙin Somme a Faransa a 1916, ya bayyana cewa ya samo halin Sam ne daga kurata da masu yi wa hafsoshi hidima, waɗanda ya ga sun fi shi nesa ba kusa ba.

Wannan darasi ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A 1937, shekarar da littafin farko na Tolkien kan Hobbit ya fito, a shekarar Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya fara fitowa, inda aku, tsuntsu kurum, ya tsare ɗan sarki Musa daga makircin Waziri. Raina kama ka ga gayya ke nan.

Yanzu a dubi maigadi a Ikko wanda a ke bar wa gida da dukiya a tafi, da ɗan dako a kasuwar Mile 12, da mai tura kurar ruwa a Fatakwal, da mai yankan farce a Sabon Badun. Sau da yawa ba a ko san sunansu ba, sai dai a ƙwala musu "aboki". Amma jarinsu shi ne jarin Sam, wato amana da jimiri, da su kuma a ke ci da gidaje masu yawa a Arewa. Yaron da ya tashi yana jin kunyar sana'ar ubansa, yana sha'awar mai kuɗin dare ɗaya, lalle zoben ya fara kama shi.

Wasu za su ce irin wannan labari lallashin talaka ne don ya dawwama yana bauta. Wannan magana tana da nauyi, domin Sam bai daina ganin Frodo a matsayin maigida ba. Sai dai ƙarshen littafin ya ba da amsa. Da suka koma gida suka tarar azzalumai sun mamaye ƙasarsu, suna sare itatuwa suna ɗaure mutane, sai suka tara jama'a suka kore su. Sam ya sake dasa itatuwan, daga baya aka zaɓe shi shugaban ƙasarsu har sau 7. Ashe tawali'u dabam, yarda da wulakanci dabam.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa da malaman makarantun zango su riƙa ɗaukaka mai riƙon amana a bainar jama'a kamar yadda a ke ɗaukaka attajiri, su kuma tsaya masa in an danne masa hakki. Iyaye kuma su ba yara irin waɗannan labarai da dare, don yaro ya san cewa wanda ya goya ɗan'uwansa ya hau dutse bai gaza mai takobi ba.