Ra'ayinmu: Ɗan Hakin Da Ka Raina

Duk wanda ya taɓa leƙa wurin ƙyanƙyasar kifi ya san baƙin cikin makiyayin da ya kwana da dubban 'ya'yan tarwaɗa, ya wayi gari rabinsu sun juya ciki sama. Galibi akan ɗora laifin a kan ruwa ko abinci, wani lokaci ma a ce sammu ne. Alhali sau da yawa ɓarnar ta wasu 'yan ƙwayoyin cuta ce waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita.

Akwai wadda masana ke kira Ichthyophthirius, mai sa farin ɗigo a jikin kifi. Takan shige cikin fata da matattarar numfashinsa ta yi ta ci. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan tafki, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya, kowanne ya tashi neman sabon kifi. Inda kifi ya cunkushe, ruwa kuma ya ƙazantu, kwanaki kaɗan sun isa ta gama da tafki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya sami ƙasar Norway ya isa ishara. A shekarar 1975 aka gano wata 'yar tsutsa, Gyrodactylus salaris, wadda ta shigo a jikin 'ya'yan kifin salmon da aka kawo daga Sweden. Daga wuraren ƙyanƙyasa ta bazu zuwa koguna kamar 50, har ta kai hukuma na zuba guba ta kashe dukan kifin kogi don ta rabu da tsutsar.

To, mu nan Nijeriya kullum ana safarar 'ya'yan tarwaɗa da karfasa daga jiha zuwa jiha cikin jarkoki. Wa ke duba lafiyarsu?

Ra'ayinmu shi ne, lalle a keɓe duk sabon kifi kafin a haɗa shi da na gida, a rage cunkoso, kada kuma koma ɗaya ta zagaya dukan tafkuna. Ya ku ɗaliban kimiyya da na likitan dabbobi, da ku matasan ma'aikatan gona, ku fito da madubin nan daga ɗakin gwaji, ku kai shi bakin tafki. Talakan da ya ci bashi ya haƙa tafki yana da hakki a kan ilminku. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya sa mu gane.