Dillalan guraben wasanni a jami'o'in Amurka: kada iyaye su yi cinikin biri a sama

A ƙasar Amurka akwai wata sana'a da ta daɗe da kafuwa, wadda intanet ta kawo har cikin wayoyin matasan Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Wasu kamfanoni ne ke karɓar kuɗi daga hannun iyaye bisa cewa za su tallata ɗansu ko ɗiyarsu ga masu horar da ƴan wasa a jami'o'i, domin yaron ya samu tallafin karatu, wato bursu, saboda gwanintarsa a ƙwallon kwando, ƙwallon ƙafa ko guje-guje. Farashinsu yana farawa daga ɗaruruwan dalar Amurka ya kai dubbai. Tambayar da ke gaban ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da Allah ya ba yaro mai tsawo ko mai sauri ita ce: shin wannan kuɗi yana biyan kansa? Ga mafi yawan iyalai amsar ita ce a'a, kuma dalilan suna cikin lissafi da dokokin jami'o'in kansu.

Da farko ya kamata a san yadda kasuwar take. Babbar hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i a Amurka ita ce NCAA, wadda aka kafa a 1906, kuma tun 1973 ta kasa makarantunta fiye da dubu gida uku. Rukuni na ɗaya da na biyu ne kawai ke ba da tallafin karatu saboda wasa. Rukuni na uku, wanda ya fi sauran yawan makarantu, ba ya ba da ko tamma guda da sunan wasa, haka ma manyan jami'o'in nan takwas da suka haɗa da Harvard da Yale. Baya ga NCAA akwai ƙungiyar NAIA ta ƙananan jami'o'i, da NJCAA ta makarantun shekara biyu. A sakandaren Amurka kuwa, ɗalibai kusan miliyan 8 ne ke wasanni, kuma ita kanta NCAA ta ce wajen kashi 2 cikin 100 ne ke samun wani tallafin karatu saboda wasa. Yaron da ke nesa, wanda mai horarwa bai taɓa gani ido da ido ba, da waɗannan miliyoyin yake takara.

Ko cikin waɗanda suka dace, kaɗan ne ake ɗauke wa nauyin karatu baki ɗaya. Kafin 2025, jami'ar rukuni na ɗaya ba ta da izinin ba ƙungiyarta ta ƙwallon ƙafa ta maza fiye da kwatankwacin bursu 9.9, alhali ƴan wasan kan kusanci 30. Ke nan gutsuttsura shi ake yi, wannan ya samu rabi, wancan ya samu rubu'i. A jami'o'i masu zaman kansu da yawa, kuɗin karatu da ɗaki da abinci sun haura dalar Amurka 60,000 a shekara. Uban da aka yi wa bushara da rabin bursu, an bar shi da fiye da miliyan 15 na sefa da zai nemo kowace shekara. Galibin tallafin kuma na shekara guda ne, ana sabunta shi ko a janye.

Sai kuma a duba abin da kamfanonin ke sayarwa. Suna buɗe wa yaro shafi a intanet mai ɗauke da tsawonsa, nauyinsa da makinsa na makaranta. Suna tsinto masa wurare masu kyau daga bidiyon wasanninsa su haɗa. Suna ba shi jerin sunayen masu horarwa, su aika musu saƙonni, su kuma ba iyaye shawara kan lokutan cike takardu. Wannan aiki ne na zahiri, ba za a ce duka yaudara ba ne. Amma babu ɗaya daga ciki da ya gagari iyali. Sunayen masu horarwa da adireshinsu suna kan shafin kowace jami'a kyauta, akasarin ƙungiyoyin suna da takardar tambayoyi da mai sha'awa zai cike ba tare da biyan komai ba, bidiyo kuwa wayar hannu ta isa ɗaukarsa a ɗora a YouTube. Mai horarwa da saƙonni ke kwarara masa kullum ya fi saurin kula da wasiƙar da yaro ya rubuto da kansa, ya ambaci makarantar da dalilinsa na son ta, a kan saƙon da na'ura ta watsa wa makarantu ɗari a lokaci guda. Zuwa da kai ya fi aike.

Akwai wani batu da ƴan kasuwa za su fi kowa ganewa. A babbar kasuwar Maraɗi ko ta Dole a Damagaram, dillali ba ya cin la'ada sai ciniki ya faɗa. A wannan sana'a abin ya juye. Dokar NCAA ta yarda yaro ya yi amfani da kamfanin da zai yaɗa bayanansa, amma da sharaɗin kada kuɗin da ake biya ya dogara da samun gurbi ko tallafi. Manufar dokar ita ce hana mayar da yara haja, sai dai sakamakonta shi ne kamfani yana karɓar kuɗinsa tun farko, ko an dace ko ba a dace ba, asara kuwa ta iyali ce ita kaɗai. Wannan doka ma'auni ce mai sauƙi: duk wanda ya ce ya lamunce wa yaro bursu, ko dai ƙarya yake yi, ko kuwa yana shirin jefa yaron cikin laifin da zai iya hana shi wasa. Babu mai ba da gurbi sai mai horarwa da ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'a.

Idan aka mayar da farashin zuwa kuɗin gida, abin ya fi fitowa fili. Dalar Amurka 2,000 ta haura miliyan guda na sefa. Albashi mafi ƙanƙanta a Nijar, bayan ƙarin da ya fara aiki a 2024, jika 42 ne a wata. Ke nan kuɗin kamfani guda ya kai guminsa na kusan shekara biyu ga ƙaramin ma'aikaci. Wani zai sayar da fili, wani ya taɓa jarin shago, wata uwa ta sayar da bisashenta ko ta kwashe adashinta, duk don sayen shafin intanet da jerin adireshi.

Abin da ke buɗe ƙofa kuwa ba ya hannun dillali. Duk mai son wasa a rukuni na ɗaya ko na biyu dole ya yi rajista da cibiyar tantance cancanta ta NCAA, ya nuna ya kammala darussa 16 na asali a sakandare, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4 ga rukuni na ɗaya, ko 2.2 ga na biyu. A 2023 hukumar ta soke sharaɗin jarrabawar SAT, amma wasu jami'o'in suna nan suna neman ta. Ɗalibin da ya yi karatu da Faransanci sai an fassara takardunsa na lise da sakamakon BAC, sai kuma ya ci jarrabawar Ingilishi irin TOEFL. Za a bincika ko ya taɓa sa hannu kan kwangila ko karɓar albashi a wata ƙungiya, kuma idan ya daɗe yana buga gasa bayan gama sakandare ba tare da shiga jami'a ba, ana iya rage masa shekarun wasa. Yaron da ya watsar da lakwal ya tare a fili ya rufe wa kansa wannan hanya, ko nawa aka biya.

Bayan duk wannan akwai biza. Ɗalibi ba ya samun biza mai lamba F-1 sai jami'a ta aiko masa takardar I-20, ya kuma nuna inda sauran kuɗin zai fito. A watan Disamba na 2025 gwamnatin Amurka ta sanya Nijar, Mali da Burkina Faso cikin jerin ƙasashen da ta hana ƴan ƙasarsu shiga, ta kuma taƙaita biza ga ƴan Najeriya, har da ta ɗalibai. Matakan siyasa kan sauya, amma babu kamfanin da ke da ikon sauya su. Uban da ya biya kuɗin talla kafin ya tabbatar ɗansa zai iya shiga ƙasar ya sayi sirdi ne kafin doki.

Ita kanta kasuwar ta sauya fuska a ƴan shekarun nan, kuma ba ta sauya don amfanin sabon shiga ba. Tun 2018 aka buɗe tsarin da ke sauƙaƙa wa ɗan wasa ƙaura daga wata jami'a zuwa wata, don haka masu horarwa da yawa sun fi son wanda ya riga ya goge a kan yaron da ya fito daga sakandare. A 2021 aka ba ƴan wasa damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu, amma dokar biza ta ɗaure ɗalibin waje wajen cin wannan moriya a cikin Amurka. A watan Yuni na 2025 wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ya ba manyan jami'o'i damar biyan ƴan wasa kai tsaye, har kimanin dalar Amurka miliyan 20.5 ga kowace makaranta a shekarar farko, aka kuma ƙayyade yawan ƴan ƙungiya: 15 a ƙwallon kwando na maza, 28 a ƙwallon ƙafa na maza. Kuɗi sun ƙaru ga taurari, kujeru kuwa an ƙidaya su.

Amurkawa da kansu sun ga inda son gajeriyar hanya ke kaiwa. A 2019 aka bankaɗo badaƙalar William Singer, mai ba da shawara kan shiga jami'a, wanda ya karɓi wajen dalar Amurka miliyan 25 daga attajiran iyaye, yana ba wasu masu horarwa toshiya don su rubuta yaran a matsayin ƴan wasa, har da waɗanda ba sa wasan ko kaɗan. An gurfanar da mutane fiye da 50, fitattun ƴan fim biyu sun yi zaman kaso, shi kuma aka yanke masa shekara uku da rabi a 2023. Kamfanonin talla na halal ba su ne suka aikata wannan ba, amma darasin ya shafi kowa: kwaɗayi mabuɗin wahala.

Masu tallar kan kafa hujja da sunayen ƴan Afirka da suka shahara. Ya dace a duba ta inda suka bi. Hakeem Olajuwon ya bar Legas zuwa jami'ar Houston a 1980 bisa shawarar wani mai horarwa da ya gan shi yana wasa. Dikembe Mutombo ya isa jami'ar Georgetown a 1987 da tallafin karatu na hukumar USAID, da niyyar zama likita, a can aka jawo shi ƙwallon kwando. Joel Embiid da Pascal Siakam, ƴan Kamaru, a sansanin horo na Luc Mbah a Moute aka gano su. A ƙasar Senegal akwai makarantar SEED a Thiès da makarantar NBA a Saly, waɗanda ke zaɓen yara bisa gwaninta. A dukkan waɗannan misalai, idon masani ne ya ga yaron a fili, ko takardarsa ta makaranta ta yi masa jagora. Haka ma jaruman gida: Issaka Daborg da ya ciyo tagulla a dambe a Munik a 1972, da Abdoul Razak Issoufou Alfaga da ya ciyo azurfa a tekwando a Rio a 2016, horo da gasa ne suka fito da su.

Gaskiya ne akwai iyalin da irin wannan hidima za ta iya yi wa rana: wanda ɗansa ya riga ya yi fice a gasar ƙasa, makinsa yana da kyau, hanyar biza a buɗe take gare shi, a gidan babu mai jin Ingilishi, kuma kuɗin ba zai taɓa abincin gida ko karatun ƙannensa ba. Shi ma sai ya nemi kwangila a rubuce, ya san abin da zai samu dalla-dalla, ya tambayi sharaɗin mayar da kuɗi, ya yi magana da iyalan da suka riga shi, har da waɗanda ba su dace ba. Kada ya miƙa fasfo ga kowa, kada ya aika kuɗi da sunan mutum, kuma duk tayin da aka ce ya fito daga jami'a ya tabbatar da shi ta adireshin jami'ar.

Ga sauran jama'a, miliyan gudan nan ya fi amfani idan aka kashe shi a kan malamin Ingilishi, abinci mai gina jiki, takalman wasa da kuɗin mota zuwa gasa. Ko yaron bai je Amurka ba, waɗannan suna nan a jikinsa da kansa. Kuma ko ya je, ƙasa da kashi 2 cikin 100 na ƴan wasan NCAA ne ke zama ƙwararru masu cin abinci da wasa, saura da digirinsu suke rayuwa.

Hukumomi ma suna da nasu nauyi. Ma'aikatar wasanni da ƙungiyoyin wasanni na ƙasa, irin su FENIFOOT, ya kamata su buɗe rajistar duk mai kiran kansa wakili ko dillalin ƴan wasa, su wallafa sunayen, su kuma fassara waɗannan ƙa'idoji cikin harsunan ƙasa a karanta su a gidajen rediyo. Dokar FIFA ta hana fitar da ɗan ƙwallo zuwa ƙungiyar waje kafin ya cika shekara 18 sai bisa wasu ƴan dalilai, amma iyaye nawa ne suka san da ita? Inda bayani ya yi ƙaranci, nan ɗan damfara ke shimfiɗa tabarmarsa. Abin da ya fi kome shi ne farfaɗo da gasar makarantu da ta jihohi, domin ƙasar da ke cika fagen kokowa kowace shekara don kallon masu neman takobi tun 1975 ba ta rasa masu hazaƙa ba. Idan fili ya gyaru, gasa ta tsaya da ƙafafunta, masu neman gwanaye za su zo da kuɗin jirginsu, ba sai uba ya sayar da gonarsa ba.