Birtaniya: Me ya hana haƙar kwal a Whitehaven?

A ranar 13 ga watan Satumbar shekara ta 2024 ne wata babbar kotu a birnin London ta soke izinin da gwamnatin Birtaniya ta bayar na buɗe sabuwar mahaƙar kwal ta ƙarƙashin ƙasa, a kusa da garin Whitehaven da ke arewa maso yammacin Ingila.

Da aikin ya tabbata, da ita ce za ta kasance mahaƙar ƙarƙashin ƙasa ta farko da aka buɗe a ƙasar cikin shekaru fiye da 30.

Kamfanin West Cumbria Mining dai ya shirya kashe kimanin fam miliyan 165, domin haƙo tan kusan miliyan 2.8 na kwal a kowace shekara har zuwa 2049, daga ƙarƙashin tekun da ke tsakanin Ingila da Ireland. Irin kwal ɗin kuwa shi ne wanda ake amfani da shi wajen narka tama a masana'antun ƙarafa.

Alƙawarin ayyukan yi

Ga jama'ar Whitehaven da dama, batun na abin sawa a baki ne. Tun a shekarar 1986 aka rufe mahaƙar Haig, wadda ita ce ta ƙarshe a yankin, sannan daga baya masana'antar sinadarai ta Marchon ta bi sahu. A filin wannan masana'anta ne aka so kafa sabuwar mahaƙar, tare da alƙawarin ɗaukar ma'aikata 500.

Majalisar gundumar Cumbria ta amince da shirin har sau uku tsakanin 2019 da 2020.

To sai dai a watan Maris na 2021, yayin da Birtaniya ke shirin karɓar baƙuncin taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a Glasgow, sukar da ake yi wa shirin ta sa gwamnati ta karɓe batun daga hannun gundumar, ta kuma sa aka yi zaman jin bahasin jama'a.

A watan Disambar 2022, ministan da ke kula da lamarin, Michael Gove, ya ba da izini. Hujjarsa ita ce kwal ɗin Whitehaven zai maye gurbin wanda ake haƙowa a wasu ƙasashe ne kawai, musamman Amurka, don haka ba zai ƙara yawan hayaƙin da ke ɗumama duniya ba.

Hukuncin da ya sauya lissafi

Ƙungiyoyin kare muhalli biyu, Friends of the Earth da kuma South Lakes Action on Climate Change, sun garzaya kotu. Sun ce akasarin kwal ɗin ƙasashen waje za a kai, kuma ba a yi lissafin hayaƙin da zai fita idan aka ƙona shi ba.

Ana cikin haka ne, a watan Yunin 2024, Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a wata shari'a ta daban, game da rijiyoyin mai a gundumar Surrey. Kotun ta ce wajibi ne mai ba da izini ya auna hayaƙin da za a samu lokacin ƙona man, ba wanda ke fita a wurin haƙowa kaɗai ba.

Wata guda bayan haka, sabuwar gwamnatin jam'iyyar Labour ta janye daga kare izinin a gaban kotu, tana mai cewa an yi kuskuren shari'a wajen bayar da shi. Kamfanin ya ci gaba da kare kansa shi kaɗai, amma Mai Shari'a Holgate ya ce zaton cewa mahaƙar ba za ta ƙara hayaƙi ba, bai da tushe a shari'ance.

Daga nan sai al'amura suka yi ta taɓarɓare wa kamfanin. Hukumar kula da kwal ta ƙi ba shi lasisin haƙa, sannan a watan Nuwamba gwamnati ta sanar da aniyarta ta haramta ba da sababbin lasisin haƙar kwal baki ɗaya. A shekarar 2025 kamfanin ya janye takardar neman izininsa.

Da sauran rina a kaba

Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba. A watan Agustan 2025 masu jari a kamfanin suka shigar da ƙarar Birtaniya a gaban cibiyar sasanta rikicin zuba jari da ke ƙarƙashin Bankin Duniya, suna dogaro da wata yarjejeniya da aka ƙulla da ƙasar Singapore tun a 1975.

Masu lura da al'amura na ganin cewa wannan mataki ya tayar da wata tambaya mai wuya: shin ƙasa na iya sauya manufarta kan muhalli ba tare da ta biya masu jari na ƙetare diyya ba?

Su kuwa mazauna Whitehaven da suka sa rai da ayyukan nan 500, abin da suke jira su gani shi ne irin sana'ar da gwamnati za ta kawo musu a madadin kwal.