Gadon Gari Ba Kayan Sayarwa Ba Ne

A arewacin Ingila akwai wani gari mai suna Wigan, garin masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa a zamanin da. Abin alfaharinsu shi ne wasan zari-ruga, irin wanda mutum 13 ke bugawa a kowane ɓangare. Wannan reshe na wasan ya samo asali ne a 1895, sa'ad da ƙungiyoyin arewa suka ɓalle domin a riƙa biyan leburori ladan aikin da suka rasa saboda wasa.

A 1902 ƙungiyar Wigan ta buɗe filinta, Central Park, a bakin kogin Douglas. Ranar 27 ga Maris 1959, wato Jumma'ar da ake tunawa da mutuwar Almasihu, mutum 47,747 suka cika shi don kallon karawa da maƙwabtansu St Helens. A nan ne Billy Boston, baƙar fata daga Cardiff, ya yi suna har garin ya ɗauke shi ɗan gida. Daga 1988 zuwa 1995 ƙungiyar ta ci kofin Challenge Cup sau 8 a jere.

To, abin mamaki, a cikin waɗannan shekarun nasara ne bashi ya taru. Albashin manyan 'yan wasa da kuɗin gine-gine suka fi ƙarfin aljihu. A 1997 aka sayar da filin ga kamfanin Tesco, aka yi wasan ƙarshe ranar 5 ga Satumba 1999, aka rushe shi. Inda kakanni suka tsaya da jikokinsu shekara 97 ya zama kanti da wurin ajiye motoci.

Masu kare cinikin suna cewa filin ya tsufa, sabon da aka koma yana da kujeru kusan 25,000, ƙungiyar kuma ba ta daina cin kofuna ba. Gaskiya ne. Amma mu a ganinmu laifin ya riga ranar ciniki. Ya fara tun ranar da shugabanni suka ci bashi don sayen yabon yau, suka jingina abin da talakawa suka gina da kuɗin ƙofa. Kofi ana sake cinsa baɗi, amma fili in ya tafi ya tafi ke nan.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin Nabot, wanda ya ƙi sayar wa Sarki Ahab gonar inabinsa domin gadon kakanninsa ce. Duk wanda aka damƙa wa filin jama'a, ko shugaban ƙungiyar wasa ne ko dattijon ikkilisiya, wakili ne kawai. Kafin ya sa hannu a takardar bashi, bari ya tambayi masu abin, ya kuma tuna da waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Ubangiji ya ba mu ikon riƙon amana, amin.