Windows 10 ta yi ritaya, a duba kwamfuta tun da wuri

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa manhajar Windows 10 gyare-gyaren tsaro, bayan shekara goma tana aiki. Kwamfuta ba ta mutu a ranar ba, tana kunnuwa kamar kullum. Abin da ya sauya shi ne duk wata ɓaraka da masu kutse suka gano daga nan za ta zauna a buɗe. Wanda ya tuna yadda WannaCry ta durƙusar da aiki a asibitocin Ingila a watan Mayun 2017, ta hanyar kwamfutocin da ba a sabunta ba, ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Komawa Windows 11 kyauta ne ga mai Windows 10 ta asali, amma ba kowace kwamfuta ce za ta ɗauka ba. Ana buƙatar RAM aƙalla 4GB, ma'aji 64GB, na'urar tsaro ta TPM 2.0, da furosesa na Intel daga zubi na takwas zuwa sama ko makamancinsa na AMD. A nan gizo ke saƙar. Yawancin kwamfutocin da ɗalibai da shagunan buga takardu ke amfani da su a garuruwanmu na gwanjo ne, kuma da yawansu zubi na shida ne ko na bakwai. Lafiyarsu ƙalau, sharaɗin ne kawai ya kore su. A ganinmu Microsoft bai yi la'akari da mai ƙaramin ƙarfi ba, sai dai ƙorafi bai ɗage ranar ba.

Saboda haka a fara da gwaji. Manhajar PC Health Check ta Microsoft za ta faɗa maka ko kwamfutarka ta cancanta. Wani lokacin TPM ɗin na nan, a kashe kawai yake, mai gyara zai kunna shi cikin mintuna.

Kafin a taɓa komai, a kwashe takardu. Kundin digiri, lissafin shago, hotunan iyali, duk a kwafe su a filashi ko wani ma'aji na waje, sannan a buɗe a tabbatar sun shiga. Mutum nawa ne suka kai kwamfuta a "ɗora sabuwar Windows" aka dawo musu da ita fes, babu ko fayil ɗaya? A kuma tanadi data mai yawa da caji, domin ɗauke wuta ana tsaka da sabuntawa na iya lalata aikin, musamman ga kwamfutar tebur.

Masu gyara na iya cusa Windows 11 a kwamfutar da ba ta cancanta ba, amma Microsoft ya ce bai yi alƙawarin ci gaba da aika mata sabuntawa ba. Wanda ba shi da halin sauya kwamfuta yanzu zai iya shiga shirin ƙarin wa'adin tsaro zuwa Oktoban 2026, a kan dala 30, ko kyauta idan ya ajiye saitunansa a asusun Microsoft. Akwai kuma Linux Mint, wadda ke tafiya daidai a tsofaffin kwamfutoci.

Ga mai shirin sayen ta gwanjo a wannan tsakanin: ka tambayi zubin furosesa kafin ka tambayi farashi, domin kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka ke sallamawa kasuwanninmu za su nufo.