Godiyar da ba ta san yunwa ba

Ƴan uwa mawaƙa, ku yi mini gafara, yau da ku nike. Mu Kirista ƴan ƙalilan ne a Dakoro, shi ya sa ba mu son faɗa wa juna gaskiya. To ni zan faɗa.

Ku duba waƙoƙin da muke turawa juna a salula, muna koyo ran asabar, muna rerawa ran lahadi. Kusan duka daga Najeriya suke zuwa, kuma magana biyu suke yi: godiya da miƙa kai. Solomon Lange na da "Na Gode", Jeremiah Gyang na Jos na da "Na Ba Ka". Waƙoƙi ne masu kyau, ni ma ina rera su. Rigimata da mu ce, da muka maida su dukan abin da muka iya.

Wata lahadi cikin watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare kuma hatsi bai nuna ba, na ga wata uwa da ta bizne ɗanta a wannan satin. Mai jagoran waƙa ya ɗaga murya: kowa ya tashi ya taka, wanda bai taka ba bai gode ba! Ta tashi. Ta taka, tana share hawaye da bakin zane. Don Allah mi muka yi mata? Mun hana ta kuka a ɗakin Ubanta.

Za ku ce ai an umurce mu da godiya cikin kowane hali. Haka ne. Amma Littafin da ya faɗi haka shi ne mai Zabura 150, da yawansu kuka ne da ƙara. Shi ne mai littafin Ayuba, da littafi guda mai suna Makoki. Mu wa ya ba mu izinin tsallake su? A 2005 likitocin MSF sun buɗe wurin jinyar yara masu tamowa nan Dakoro. A Janairun 2015 an ƙone majami'u a Zinder da Yamai. Ina waƙarmu guda da ta ɗauki wannan nauyi?

Sai batun miƙa kai. Mun maida shi naɗe hannu: in an ci haƙƙinka, ka bar wa Allah, in gona ta mutu, ka bar wa Allah. Ku tuna Tony Rinaudo, tsohon ma'aikacin mishan ɗin SIM a Maraɗi. A 1983 dashen itatuwansa ya yi ta mutuwa har ya kusa fid da rai. Ya yi addu'a, sannan ya lura da kututturan da ke tohowa cikin gonaki, ya shiga aiki da manoma kan sassabe da renon toho. Yau miliyoyin itatuwa na tsaye a ƙasarmu. Ya miƙa kai, amma bai aje wuƙar sassabe ba.

Ga roƙona. Kowace ƙungiyar mawaƙa ta tsara waƙar kuka ko guda, da Hausarmu ta nan, wadda ta san farin damana da bashin ɗan kasuwa. Mu rera ta kafin ta godiya. Wanda bai iya tashi ba ranar, a bar shi zaune, a zauna kusa da shi. In ya gode daga baya, godiyar tasa ce, ba mu muka tatso ta ba.